Bindigar Maigida da Makullin Gwaggo

Tun da maganar ta fita cewa akwai bindiga a gidanmu, mijina ya zama babban malami a cocinmu. Mutumin da a da ba a tambayarsa komai sai lokacin tashin bas, yanzu da an tashi sujada samari ke kewaye shi a bakin ƙofa suna rage murya, shi kuma yana gyara tsayuwa yana amsawa a hankali. Ni ba mai tambayata. Nas ce ni, rabin rayuwata na yi ina wanke ramin da harsashi ya bari a jikin 'ya'yan mutane, saboda haka an yarda ban san komai game da bindiga ba.

Wata Asabar da la'asar ɗaya daga cikin samarin nan ya biyo mu har gida a Parkchester, unguwarmu a yankin Bronx na birnin New York. Sabon ango ne, yana aiki a kantin magani can Flatbush, kuma an taɓa gwada buɗe ƙofarsu sau ɗaya amaryar tana ciki ita kaɗai. Ya zauna a bakin kujera, ya sha ruwa, aka yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, so nake in yi apply na license ɗin nan. Na ce kafin in fara in zo in ji shawararka."

Maigida ya yi gyaran murya. Ni ina tsaye a ƙofar kicin, kuma daga inda nake ina kallon wata ƙusa a bango, wadda wani makulli mai jan zare ke rataye a jikinta. Shawarata tana nan a rataye, amma sai na fara faɗin mai makullin.

Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba ta haɗa jini da ni ko da mijina ba. Ita ta karɓe mu ranar da muka sauka a garin nan da akwatuna biyu da tsohon ciki. A falonta na Morris Heights muka kwana watanni, a kan katifar da ake jinginewa bango da safe. Ita ta nuna mini shagon mutanen Ghana da ake samun daddawa da kuka, ta koya mini in daina gaishe da duk wanda ya shigo jirgi, ta tsaya a kaina na yi karatun jarrabawar aiki tana riƙe da jaririya. 'Ya'yana biyu duka a bayanta suka girma. Na sha ganinta cikin sanyi ta ɗaura zani a kan babbar rigar sanyi, yaro a baya, Turawa suna waiwaye, ita ko a jikinta. Ranar da muka samu gidan kanmu, makullin farko da aka yanka nata ne. Ta ɗaura masa jan zare don kada ya ɓace mata a jaka.

Ba ita kaɗai ke da shi ba. Gidanmu masauki ne, haka muka taso muka gani, haka muka ci gaba. Matar fasto tana da ɗaya saboda taron zumuntar mata. Wani ƙanin abokin mijina yana da ɗaya saboda yakan zo wanka tsakanin ayyukansa biyu. Wani ɗalibi da ya zauna da mu ya koma Texas da namu a aljihu, har yau yana aiko gaisuwar Kirsimeti, bai taɓa aiko makullin ba. Amma a cikinsu duka Gwaggo ce mai shigowa lokacin da ta ga dama. Mijina direban bas ne na dare, ni ma aikin dare nake yi a asibiti, don haka da rana muke barci. Mukan farka mu tarar da miya a kan murhu, an wanke kwanuka, an kwashe shara, ita kuma ta riga ta hau bas ta koma. Yara suka tafi jami'a, ba ta daina ba. In na ce ta huta, sai ta ce in ta zauna a gida ƙafafunta kumbura suke yi.

Sai aka shiga gidan maƙwabtanmu. Da rana tsaka ne, kowa yana wurin aiki, aka ɓalle ƙofarsu aka kwashe abin da za a iya ɗauka. Ƙofa biyu ce tsakaninmu. Muna ciki muna sharar barci, ba mu ji komai ba sai da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa suna tambaya ko mun ji wani abu. Mijina ya tsaya da gajeren wando yana kallon ƙofar da aka tsaga, na ga fuskarsa ta canja, na kuma san inda ya tafi. Kafin mu baro ƙasarmu an yi wani rikici a unguwarmu, ya yini a bayan ƙofa da taɓarya a hannu, ni ina ƙarƙashin gado, muna jin ihu a layi. Ba ya son a tayar da maganar. Ranar nan dai ya ce ba zai sake tsayawa bayan ƙofa da taɓarya ba, kuma ban iya yi masa dariya ba.

Na yi faɗa iya ƙarfina. Na ce masa mutanen da ake kawo mana asibiti, da yawansu ba ɓarawo ne ya harbe su ba, na gida ne. Ya ce shi ba da yawansu ba ne. Na ce bangon gidan nan in maƙwabci ya yi atishawa muna ce masa sannu, ina harsashi zai tsaya. Ya ce ai don haka ake koyarwa. Muka kwashe makonni a haka, har na gaji na sa hannu, domin a garin nan ba a ba mutum bindiga sai wanda suke zaune tare ya yarda. Ni ma tsoron nake ji, ba shi kaɗai ba.

Wanda yake zaton a New York kanti ake shiga a nuna bindiga da yatsa a biya a fito, ya kwantar da hankalinsa. Aka ɗauki zanen yatsunsa, aka tambaye shi duk inda ya taɓa zama da duk aikin da ya taɓa yi, aka tono har tarar da aka ci shi ta ajiye mota. Sannan aka ce ya kawo mutanen da ba danginsa ba su shaida halinsa. Nan rashin haɗa jini da Gwaggo ya yi amfani. Muka tafi da takarda, ta sa tabarau, ta saurara, ta kwashe da dariya har da hawaye.

"Wannan ne zai riƙe bindiga? Ku rubuta musu ko kaza bai iya yankawa. Da muka je gida, wuƙar ya miƙa wa maƙwabci ya shige ɗaki."

Muka rubuta cewa mutum ne mai haƙuri da sanyin hali, ta sa hannu. Daga nan aka shiga jira. Bazara ta wuce, sanyi ya shigo, Gwaggo ta manta da zancen gaba ɗaya. A wurinta takarda ce irin ta ƙasar nan, wadda ake cikawa ta tafi ba ta dawo ba.

A cikin jiran ne ya yi aji. Rana ɗaya na bi shi, don an ce ranar za a yi maganar tsaron gida kuma ana so a zo da iyali. Malamin wani ƙaton baƙin mutum ne mai furfura, muryarsa a ƙasa, kuma duk abin da ya faɗa na hankali ne, abin da ya ba ni haushi, don na je ne in samu abin kushewa. Ya ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki ko da kai ka cire da hannunka. Ya ce kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya rasawa ba. Ya ce yatsa ba ya hawa kunama sai ka ga fuskar wanda ke gabanka, ka kuma san abin da ke bayansa. Ya ce wurinta akwatin ƙarfe mai kulle, ba ƙarƙashin matashi ba. Ya ce in ka ji motsi, mafi alheri ka kulle kanka a ɗaki ka kira 'yan sanda, talabijin ba ta kai ran mutum ba. Mijina yana gyaɗa kai kamar a wa'azi.

Can sai malamin ya zagaya yana tambayar kowa mutum nawa ke da makullin gidansa. Wannan ya ce biyu. Wancan ta ce ita kaɗai. Da aka zo kanmu mijina ya fara lissafi da yatsu, ya gama hannu ɗaya ya shiga na biyu, ya juyo yana tambayata da Hausa ko na Texas yana ciki. Malamin ya cire tabarau ya dube mu. Ya ce mu canja kuba kafin bindiga ta shigo gidan, kuma daga ranar duk wanda zai zo ya kira waya tukuna. Ya ce gidan da ke da bindiga, dole mai gidan ya san kowane motsi na waye.

Rabin farko na umarnin mun yi shi cikin mako. Aka canja kuba, muka faɗa wa mutane wai masu gidan hayar ne suka canja kuma sun hana yanka da yawa. Matar fasto ta ce haka ƙasar nan take. Mai wanka ya nemi wani gidan. Sai Gwaggo ta zo, makullinta ya ƙi juyawa, ta buga ƙofa. Da aka buɗe ta dubi sabuwar kubar, ba ta tambayi komai ba, hannu kawai ta miƙa tana cire takalmi. Mijina, wanda ya kwana biyu yana shirya jawabin da zai yi mata, ya zare nasa daga zobe ya ba ta da hannu biyu. Ta kwance jan zaren daga tsohon ta ɗaura a sabon, ta wuce kicin.

Bayan ta tafi na tare shi. Na ce bindiga da makullin Gwaggo ba za su zauna gida ɗaya ba, ko dai ya faɗa mata ta riƙa kira kafin ta zo, ko ya haƙura da bindigar. Ya ce in faɗa mata ni, ai ni ce 'yarta. A ce wa tsohuwar da ta goya maka 'ya'ya ta riƙa kira kafin ta zo, daidai yake da a ce mata ke baƙuwa ce, kuma ni ban san da wane baki zan faɗa ba. Sai ya samo mafita.

"To me ma za a faɗa mata? Gwaggo ai tana sallama. Kin taɓa jin ɓarawo ya yi sallama?"

Wannan ya zama tsarin tsaron gidanmu. Mai sallama namu ne, marar sallama ɓarawo ne. Na ga maganar ta hau, na karɓa, muka kwanta da kwanciyar hankali. A cikinmu ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda mai barci ke jin sallama.

Lasisi ya fito. Bindigar ta shigo gida cikin ƙaramar jaka, baƙa, ba ta kai tunanina girma ba. Aka kafa akwatin ƙarfe a cikin durowar kaya, mai buɗewa da lambobi. Mijina yana zuwa wurin koyon harbi, yana dawowa da takarda mai huji-huji yana nuna mini kamar sakamakon jarrabawa. Malamin ya ce kada a riƙa shela cewa akwai bindiga a gida, kuma wannan umarnin mijina ya bi shi sak. A lokacin bai faɗa wa kowa ba, har da Gwaggo, sai daga baya maganar ta fita.

Ranar da abin ya faru sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Mun dawo aiki da safe, mun ja labule mun kwanta. Wajen hantsi mijina ya taɓa kafaɗata ya ɗora yatsa a baki. Na kasa kunne. Akwai mutum a gidan. Ba takun mai gida ba ne, irin takun nan ne na wanda ke ɗaga ƙafa yana ajiyewa a hankali. Aka ja durowa a kicin, aka tsaya, aka sake ja kaɗan-kaɗan. Na yi masa raɗa ko Gwaggo ce, ya girgiza kai ya ce ba a yi sallama ba. Kuma gaskiya ne, ni ma ban ji ba.

Na ce mu kulle ɗaki mu kira 'yan sanda kamar yadda aka koya mana. Na ɗauki waya. Shi kuwa ya riga ya durƙusa gaban akwatin yana danna lambobi, ya kuskure har sai da ya sake. Ina ganin bayansa na san ba a Bronx yake ba, yana can bayan waccan ƙofar da taɓarya. Ya fita, na bi shi, don ban yarda in zauna ƙarƙashin gado karo na biyu ba.

Daga bakin lungu ana hangen kicin. Wani mutum ne durƙushe gaban kabad ɗin ƙasa, ya ba mu baya, cikin ƙatuwar baƙar rigar sanyi mai hula, kansa a rufe, hannunsa a cikin kabad yana lalube. Ba takalmi a ƙafarsa, safa ce kawai. Mijina ya ɗaga bindigar da hannu biyu. Ya daka tsawa da Turanci, kalmomin da aka koya musu a aji, ya ce kada a motsa, a nuna hannu. Mutumin bai tsaya ba, ya ci gaba da lalubensa. Mijina ya sake dakawa da ƙarfi. Sai hannun ya fara fitowa daga kabad riƙe da wani abu na ƙarfe mai ƙyalli.

Ina bayansa, idona na kan yatsansa. A miƙe yake a gefen bindigar, bai hau kunama ba. Har gobe ina yi wa malamin nan addu'a, ban ma san ko yana raye ba.

Tukunya ce. Mai rigar ya juyo a hankali, ya ture hular baya da ɗaya hannun, ga Gwaggo da ɗankwalinta, tana murmushi irin na wanda aka kama yana aikin alheri. Rigar ta ɗanta ce, ya bar mata. Kunnenta dama ya fara nauyi, ga hula a kai, ga shi ba ta taɓa jin an yi mata tsawa da Turanci a gidan nan ba, don haka ta ɗauka hayaniyar maƙwabta ce.

"Ayya, na tashe ku? Babbar tukunyar nake nema, na ga kun…"

Nan ta ga abin da ke hannunsa. Murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai je ba. Ta dubi bindigar, ta dube shi, ta dube ni da waya a hannu. Mijina ya sauke hannu, bakin bindigar ya koma ƙasa, shi ma ya bi bango ya zauna. Ba wanda ya yi ihu. Firij ne kawai ke ƙara.

"Na yi sallama fa," in ji Gwaggo.

Ta yi kuwa. Daga baya ta faɗa mini yadda take yi duk shekarun nan. In ta buɗe ƙofa ta san muna barci, sai ta ce gafara dai a cikin raɗa, don kada ta tashe mu, ta amsa wa kanta da maraba, ta cire takalmi ta shigo da sanɗa. A wurinta ba ta taɓa shiga gidanmu ba izini ba. Tausayin barcinmu ne ya sa ta koyi tafiyar ɓarawo, mu kuma muka gina tsaronmu a kan sallamar da ba mu taɓa ji ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta dafa miyar. Ta miƙe, ta ɗora tukunya, ta yanka albasa, ta kaɗa kuka, ta zuba gishiri. Mijina ya mayar da bindigar akwati ya dawo ya durƙusa a ƙofar kicin yana ba ta haƙuri, hawaye na zuba, ita tana juya miya tana cewa ya tashi, ƙasa da sanyi. Ta tambayi yara, ta tambayi aiki. Na zuba mata ta ce ta ci a gida. Ta sa rigarta ta tafi, ta hana a raka ta tasha. Sai da na zo share tebur na ga makullin da jan zarensa a gefen kwalbar yaji.

Ranar ban yi wa mijina faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Na shiga banɗaki na zauna a bakin baho ina tunanin yadda da yanzu ina danne ƙirjin Gwaggo da tawul ɗin kicin, ina kiran abokan aikina su zo su ɗauke ta.

Lahadi ba ta zo coci ba. Bayan sujada muka hau bas zuwa Morris Heights, makullin yana jakata. Ta karɓe mu da fara'a a falon nan da muka taɓa kwana, ta kawo kunun gyaɗa. Mijina ya sake durƙusawa, ya ce zai mayar da bindigar, zai yi duk abin da ta ce.

"Ai ba ka yi komai ba, ɗana. Gidanka ka tsare. Ni ce ma na sa maka hannu."

Na fito da makullin na ajiye a cinyarta. Ta ɗauka, ta shafa zaren, ta kama hannuna ta mayar a tafina ta naɗe yatsuna a kai.

"Ajiye, 'yata. In na zo zan buga bell kamar kowa."

Na ce ita ba kowa ba ce. Ta ce in sha kununa kafin ya huce. Na yi kuka, na yi fushi, na ce to ni ma ba zan sake cin miyarta ba, ta yi dariya ta ce ƙarya nake yi. Na sake kai mata makullin a Ista, na sa yarinyata ta kai mata da guntuwar Hausarta, na sa matar fasto ta sa baki. Kullum da godiya take mayarwa. Daga ƙarshe na buga ƙusa na rataye shi.

Bindigar tana nan. Mijina ya ce zai mayar, sai aka sake shiga wani gida a layinmu, maganar ta kwanta. Yana fito da ita ya goge ya mayar. Tun da ta shigo, ɓarawo bai taɓa leƙo mu ba, kuma in ban da takarda, mutum ɗaya kaɗai bakinta ya taɓa kallo. Yanzu in mun farka kwanukan suna inda muka bar su. Ba motsin da ba mu san na waye ba, yadda malamin ya so.

Wannan duka yana kaina ranar Asabar ɗin nan, angon yana zaune yana sauraron maigida. In faɗi gaskiya, shawarar da ya ba shi mai kyau ce. Ya ce kada ya nemi hanyar bayan fage, ya bi doka ko za ta kai shekara. Ya ce ya sayi akwatin ƙarfe kafin ya sayi bindiga. Ya ce ya je aji da amaryar, ya riƙa zuwa koyon harbi, kada ya saya ya ajiye ya ɗauka ya iya. Ya ce ya fara da ƙarfafa ƙofa da fitila, wataƙila ma su ishe shi. Da ya zo maganar yatsa da kunama sai ya maimaita sau biyu, angon ya ɗauka ƙwarewa ce. Labarin kicin kuwa bai faɗa ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, Gwaggo ma haka.

Na ajiye cokali na fito.

"Ɗana, mutum nawa ke da makullin gidanku?"

Ya yi dariya, ya fara ƙirga. Shi da amarya, da yayarta, da wani abokinsa mai tasin Uber da ke zuwa ya ɗan kwanta tsakanin ɗaukar fasinja. Sai surukarsa, wadda ta zo daga Jos za ta zauna da su, amma tana yawan kwana gidan yayar, ta dawo lokacin da ta ga dama.

"Za ka iya ce wa surukarka ta riƙa kira kafin ta shigo?"

"Haba Mama, ina ni ina faɗa mata haka? Ai ba problem, ita tana sallama."

Na dubi mijina. Ya sunkuyar da kai yana kallon kafet. Na ce wa yaron ya je ya faɗa mata, da bakinsa, yau ɗin nan, ya durƙusa in ya ga dama, ya jure kunyar. In ya ga ba zai iya ba, to ya bar bindigar a kanti, don wannan maganar ta fi sauƙin faɗa kafin a sayo. Ya ce to Mama, irin to ɗin da ake ce wa manya a wuce wurin.

Muna cikin haka ƙararrawa ta yi ƙara. Kafin in kai ƙofa muryarta ta cika barandar, don yanzu da ƙarfi take yi, har maƙwabta sun haddace.

"Gafara dai masu gida. Gafara dai. Ni ce, Gwaggo."

Na buɗe. Tana tsaye nesa da ƙofar da taku biyu, ta ture hular rigar baya duk da sanyin, kular abinci a ƙasa, hannayenta biyu a fili inda za a gan su. Na ce maraba, shigo mana. Ba ta motsa ba. Ta leƙa ta kan kafaɗata, ta yi tambayar da take yi kowane zuwa.

"Maigida ya san ni ce?"

Angon ya fashe da dariya, ya ce tsohuwar nan akwai barkwanci. Mijina ya tashi daga kujera, ya zo bakin ƙofa ya tsaya inda za ta ga fuskarsa da hannuwansa, ya rusuna.

"Na sani, Gwaggo. Ki shigo."

Sannan ta sunkuya ta fara cire takalmi.